Saiwar Farko ta Rogon Kotonu

Harshena ne ya fara gaya mini. Ina zaune a tabarma ƙarƙashin mangwaron Kawu, Inna tana ba da labarin wani biki da aka yi a Birni, sai na ji harshen ya yi nauyi kamar aro na yi shi, ga wani ɗaci ya ƙi barin maƙogwarona duk ruwan da na sha. Na ɗaga kai, na ga ganyen mangwaro yana juyawa a hankali, alhali ko iska babu. Ban ce komai ba. Shirun nan shi ne kuskurena na biyu a ranar. Na farkon zan zo kansa.

Yau kwana tara ke nan. Ku da kuke ta aiko mini saƙo a salula kuna tambayar ina hotunan tafiyar da na yi alkawari, ga dalilin da ya sa kuka ji ni tsit. Zan faɗi labarin daki-daki yadda ya faru.

Mun tashi da asuba, ni da Inna, ƙanwar mahaifiyata. Mota ba ta shiga lungunmu, don haka da ƙafa muka ratsa Birni, tsohuwar unguwarmu ta Damagaram, rairayi yana cika mana takalma, kaya a ka. Tsarabarmu sabulu ne da sukari da ganyen shayi, sai matashin fata guda da Baba ya ɗinka da hannunsa. Mu dukawa ne tun kakanni. Kakana yakan ce fatar lungun nan raƙuma ke ɗauka har Turabulus, daga can ta haye teku, ayari kuma ya dawo da takarda da duwatsun wuya. Tun ina ƙarama nake son irin wannan zance, na abin da ya tafi da abin da ya zo, shi ya sa a lakwal, wato makaranta, darasin tarihi kaɗai ne ban taɓa yin gyangyaɗi a cikinsa ba.

Ƙauyen Kawu muka nufa, yayan su Inna, can gefen Dogo. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Kotonu. Bara ya auro wata 'yar can, ya kawo ta gida, ya bar ta wajen iyayensa ya koma bakin aiki. Shekara ta kusa zagayowa babu wanda ya je ganin amarya daga gidanmu, abin har ya fara zama abin magana. Matashin fatar nata ne.

A tasha mun tarar motar Magarya saura mutum uku. Kuɗin mota jika guda-guda aka karɓa, Inna ta tsaya ta yi ta ja-in-ja a kan kuɗin kaya har direba ya ce, "Hajiya, shiga kawai, na yafe, rana na yi." Kujerar mutum uku mu huɗu ne a kanta, na biyar ɗinmu kwandon zabi ne a kan cinyar wani dattijo. Duk ramin da mota ta faɗa sai zabin nan su kai ƙara. A shingen jandarma aka duba katin kowa, dattijon ya ce zabinsa 'yan ƙasa ne, takardunsu na gida.

Lokacin kaka ne, hanya ta yi kyau. An yanke gero, damma a jingine a gonaki, amalanken shanu suna ta jigila. Mata sun baza gyaɗa tana shan rana. Muna yin kudu ƙasa tana ƙara duhu, giginya da dabino suka fara bayyana, sai ga rake a fadamu. Duk inda mota ta tsaya 'yan talla sun rufe tagogi: rake, dafaffiyar gyaɗa, rogo dafaffe da ƙuli, rogo ɗanye an fere shi fari tas. Inna ta sayi ɗanyen na dala ashirin, muka yi ta gurgura. Ku riƙe wannan: mu nan ɗanyen rogo abin taɓa baki ne, kamar rake. Babu wanda ya taɓa ce mini akwai abin tsoro a cikinsa.

A nan ne na so in nuna karatu. Na ce wa Inna ai rogon nan baƙo ne. Mushenmu, wato malaminmu na tarihi, ya koya mana cewa rogo da gyaɗa da masara da barkono da tumatir duk daga Amurka suka zo, jiragen ruwan Turawan Fotugal suka sauke su a bakin teku, daga nan suka yi ta tafiya hannu zuwa hannu har suka iso mu.

Inna ta dube ni ta gefen ido. "Gyaɗar Damagaram ce baƙuwa?"

"Baƙuwa ce, Inna."

"To kafin su kawo barkono, da me uwar kakata take yaji?"

"Da masoro da citta."

"Ki adana wannan, ki faɗa wa Kawunki. Shekara hamsin yana noman gyaɗa, bai san Ba'amurkiya yake wa bauta ba."

Mota duka aka yi dariya, har dattijon zabi. Ni kuwa raina fari, ina ganin na san tarihin abin da ke hannuna.

A Dogo muka sauka da hantsi, muka hau amalanken wani maƙwabcin Kawu da ya kawo hatsi kasuwa. Tafiyar rairayi ce, shanu ba sa sauri, mu ma ba ma sauri.

Gidan Kawu ya karɓe mu da fura mai sanyi da nono. Bayan an gama gaishe-gaishe aka kira amarya. Doguwa ce, baƙa, mai natsuwa, ta girme ni da kamar shekara uku. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe da Inna da Hausarta 'yar kaɗan, ta karɓi matashin da hannu biyu, ta shafa ɗinkin ta yi murmushi. Da Kawu ya yi gyaran murya zai shigo, sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Matar Kawu ta ce, "Kun gani? Ba ta jin Hausa sosai, amma kunya kamar a nan aka haife ta. Wata goma sha ɗaya, ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba." Aka yi ta sa mata albarka.

An gaya mini tana jin Faransanci. Duk gidan nan ni kaɗai ce zan iya zama mu yi hira da ita har ta ƙoshi. Ban yi ba. Na ji tsoron a ce 'yar Birni ta zo ƙauye tana nuna lakwal. "Sannu, ya baƙunta?" kawai na ce mata, na koma gefen Inna. A ƙofar ɗakinta na ga wani faifan gwangwani da ta huhhuda da ƙusa ta kafa a jikin katako. Matar Kawu ta ce tun watan jiya take ta fama da shi, ba su san ko na mene ne ba, wataƙila wasan garinsu ne.

Kafin azahar Kawu ya ce mu zo mu ga fadama. Amarya ta tsaya gida tana yi wa baƙi girki. Lambun Kawu abin kallo ne: rake, albasa, 'yan itatuwan lemo, mangwaro babba a tsakiya. A can ƙarshe kuma ga wani rogo da ban taɓa ganin irinsa ba, ya fi Kawu tsayi, ganye shar. Ya ce itacensa Yaya ya zo da shi daga Kotonu a ɗaure cikin buhu, tare da amarya, mota ɗaya.

"Ya kira ni a salula ya ce, Baba, kada a taɓa shi sai na zo." Kawu ya yi dariya. "Ya ɗauka sayar masa zan yi. Ni na dasa, ni na yi noma. Ɗiyar ƙanwata ta taso tun daga Birni, in hana ta saiwar farko?"

Ya sa fartanya ya tona. Saiwar ta fito kamar damtsen mutum. Ya fere ta da wuƙarsa, ya miƙa wa Inna, ta ce ita rogon hanya da fura sun cika ta. Shi kuma haƙoransa huɗu suka rage, ya ce su ma ya ajiye su don goro. Saura ni.

Na gatsa. Ɗaci ne, ba irin na goro ba, wani mai kama maƙogwaro. Na ɗaga ido, Kawu yana tsaye da wuƙa a hannu, fuskarsa cike da murna, yana jira.

"Yaya kika ji, 'yar Birni?"

"Da daɗi, Kawu."

Ya yanko wani, ya fi na farko girma. Na cinye shi.

Na sha tambayar kaina me ya sa. Amsar ba ta da wuya, kuma kowace ɗiya da aka yi wa irin tarbiyyata ta san ta. Abin da babba ya ba ki da hannunsa ba kya yamutsa fuska, balle ki tofar. Bakina ya gaya mini gaskiya, na ƙaryata shi don kada in kunyata dattijo a gonarsa.

Muka koma inuwar mangwaro. Abin da ya biyo baya shi ne wanda na fara ba ku. Bayan nauyin harshe sai ciwon kai, sai zuciyata ta riƙa bugawa kamar na yi gudu. Na tashi in koma gefe, ƙafafuna suka ƙi. A nan na yi amai, a gaban Kawu, abin da ko a mafarki ban taɓa zato ba. Inna ta ce jijjigar mota ce da rana. Kawu ya ce a jiƙo tsamiya. Aka kwantar da ni, Inna tana yi mini fifita da bakin mayafi tana cewa yanzu zai wuce.

Sai ga matar Yaya ta taho da kwanon abinci a ka. Ina kwance ina ganinta tana zuwa kamar a cikin ruwa. Ta tsaya inda ɓawon rogon yake zube. Ta sauke kwano. Ta ɗauki ɓawon ta shinshina, ta dubi ramin da aka tona. Daga nan ba ta ja mayafi ba, ba ta durƙusa daga nesa ba. Ta tako har kan tabarmar da Kawu yake zaune, ta tsuguna a gabana, ta yi mini magana da Faransanci.

"Ke kika ci?"

"Ni ce."

"Nawa?"

"Yanka biyu."

"Ba ki ji ɗaci ba?"

"Na ji."

Ta dube ni, kallon da har yau nake gani idan na rufe ido. Sannan ta juya ta fuskanci surukinta, ido cikin ido. "Baba, wannan rogo guba. Likita. Yanzu."

Kawu ya kau da kai, don shi ma kunyar ta kama shi. Inna ta ce, "Amarya, bari ta ɗan huta tukuna, ga tsamiya nan zuwa."

Matar Yaya ta kama kafaɗata. "Hausata ba za ta isa ba. Ke ki faɗa musu. Irin wannan ba a cinsa ɗanye, ko dafawa ɗaya ba ta isa. A garinmu akuyar da ta sha ruwan da aka matse daga cikinsa ba ta kai yamma. Ki faɗa musu haka."

Ni da bakina, da harshen da ya yi nauyi, na fassara wa Inna da Kawu cewa mai yiwuwa ba zan kai yamma ba. Ban san inda na samo muryar ba. Inna ta saki mayafin. Kawu, dattijon da ke tafiya da ƙyar, na ga ya ruga yana kiran wani mai lambu da ke da moto, wato babur.

Mu uku muka hau. Mai moto a gaba, ni a tsakiya, matar Yaya a baya. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure ni a jikinta, hannu ɗaya ta riƙe ni, ɗayan kuma ta riƙe ragowar saiwar. Hanyar da shanu suka kawo mu a natse, yanzu moto yana ta wutsil-wutsil a rairayi. Na sake yin amai a bayan bawan Allahn nan, bai ko waiwaya ba. Numfashina ya riƙa yankewa. Na yi kalmar shahada, na sake yi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mahaifiyata tana can Birni tana tankaɗe, ba ta san komai ba, kuma za a je a ce mata rogo ne.

A likitar Dogo, ɗan asibitin garin, muka tarar da manjo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, yana shirin fita salla. Matar Yaya ba ta tsaya dogon bayani ba, ta ajiye masa saiwar a kan tebur, ta faɗi yawan da na ci da lokacin. Ya kankare ta da farce ya shinshina, ya ajiye butarsa. Ya ce ya taɓa aiki can wajen iyakar kudu, ya ga irin wannan. Aka kwantar da ni, aka ɗaura mini ƙarin ruwa, aka yi mini allura, aka ba ni wani baƙin ruwa kamar an dama gawayi. Ya ce sa'o'in farko su ne abin ji. Idan la'asar ta yi sanyi numfashina bai ƙara lalacewa ba, sai mu gode wa Allah. Ya ce mata ta riƙa yi mini magana, kada ta bar ni in lula.

Ta zauna a bakin gado ta kama wuyan hannuna. Da ta rasa abin faɗa, sai ta shiga koya mini yadda ake garin kwaki, wanda nake saye a kasuwa ina sha da sukari tun ina yarinya ban taɓa tambayar yadda ake yinsa ba. A fere, a wanke, a goge a jikin gwangwani mai huda, irin wanda na gani a ƙofarta. A zuba a buhu, a ɗora duwatsu, ruwan gubar ya yi ta tsiyaya kwana da kwanaki har ya yi tsami. A tankaɗe, a soya a babban kasko har ya bushe. Ta ce rogo iri biyu ne, mai zaƙi irin namu da mai ɗaci irin nasu, kuma mai ɗacin ya fi yawan saiwa, ƙwari da ɓeraye ba sa damunsa, shi ya sa suke sonsa.

Na tambaye ta wa ya koya musu. Ta ce kakarta, ita ma daga tata kakar. Tsofaffinsu suna cewa mutanen da aka taɓa kwashewa bayi zuwa hayin teku, waɗanda suka samu dawowa, su suka zo da wannan aiki, su ma a wajen mutanen asalin can ƙasar suka gani.

Ina kwance, rabin hankalina yana kan numfashina, amma wannan ya shiga. Da safe na yi ta burga a mota da cewa rogo daga Amurka ya zo. Rabin labari na sani. Itacen rogo ba ya da wuyar tafiya, ko a buhu aka cusa shi zai isa. Sanin yadda za a ci shi a rayu kuwa sai a cikin mutum yake tafiya, kuma mutumin sai an zauna da shi an tambaye shi. Wannan sani ya haye teku a ƙirjin bayi, ya bi kakanni mata har ya shigo mota ɗaya da buhun itacen, ya sauka a gidan Kawu. Muka ba shi ɗaki, muka yaba kunyarsa, wata goma sha ɗaya babu wanda ya tambaye shi komai. Ta ce ta roƙi Yaya ya yi wa Kawu bayani, bayanin ya ƙanƙance a salula ya koma "kada a taɓa". Ta gwada gaya wa surukarta cewa sai an wanke shi sosai, aka ce mata ai kowane rogo ana wankewa. Ba na ganin laifin kowa fiye da nawa. Hira ɗaya da safe da ta wadatar.

Wajen la'asar su Inna suka iso a amalanke. Inna ta shigo ta zauna a ƙasa tana jan carbi, ba ta iya duban fuskata. Kawu bai shigo ba, ya tsaya ta bayan taga. Na ji muryarsa ta dusashe yana cewa gobe da sassafe zai tumɓuke rogon nan kaf ya cinna masa wuta.

Na fassara mata. Ta girgiza kai. Ta ce in gaya masa abincin shekara ne a ƙasan nan, ita ta san hannunsa, a bar mata shi.

Na faɗa. Can sai na ji ya yi gyaran murya, kuma ba da ni yake ba.

"Ɗiyata. Kwana nawa ake danne shi da dutsen?"

Ta gane ba sai na fassara ba. Ta sunkuyar da kai, ta amsa da Hausa. "Uku, Baba. Huɗu ya fi."

"To," in ji Kawu. "Akwai duwatsu."

Manjo ya riƙa leƙowa yana duba idona da bugun jinina, ni kuma ina karanta fuskarsa kamar takardar sakamakon jarrabawa. Ciwon kan ya fara sauka. Rufin ɗakin ya daina juyawa. Na ji ƙishirwa ta gaske, na ji kunyar aman da na yi wa mai moto, na ce a raina wanda zai mutu ba ya tuna irin wannan. Amma ban yarda ba sai na ji daga bakinsa.

Akwai agogo a bangon ɗakin. Ƙarfe biyar da minti ashirin ya shigo, ya sa abin awo a ƙirjina ya daɗe yana saurare, ya ce in ja numfashi, in sake ja. Ya cire abin daga kunnensa ya rataya a wuya.

"Malama, kin haye. Za ki kwana nan mu ƙara dubawa, amma hatsarin ya wuce. Gaba idan bakinki ya ce miki a'a, ki ji maganarsa, ko wa ya ba ki."

Inna ta kifa goshinta a ƙasa inda take. Ta taga na ji Kawu yana ta hamdala.

Sai a lokacin matar Yaya ta saki wuyan hannuna. Tun azahar take riƙe da shi, shatin yatsunta huɗu ya fito a fatata. Ta miƙe, ta taɓa kanta ta ji babu ɗankwali, ta ja mayafi ta rufe. Sannan ta sunkuyo ta tambaye ni a hankali yadda ake cewa da Hausa tana neman buta, don ko azahar ba ta yi ba.